Darasi na Goma Sha Huɗu: Neman Manhajar da Ke Mayar da Bidiyon Gida Faifan Kallo

A darussan da suka gabata mun ga yadda ake kwashe hotuna da bidiyo daga wayar hannu zuwa kwamfuta, da yadda ake raɗa musu suna a adana su folda-folda, har mai nema ya same su ba da wahala ba. Yanzu kuwa za mu ɗauki wata mas'ala wadda, ko da yake samari suna ganin zamaninta ya shuɗe, har yau tana tasowa a gidaje da yawa: mutum yana da bidiyon walimar saukar ɗansa, ko na ɗaurin auren 'yarsa, ko na ranar da mahaifiyarsa ta dawo daga aikin Hajji, yana kuma so ya aika wa dattawa a ƙauye, waɗanda ba su da babbar waya balle intanet, amma akwai akwatin talabijin a ɗaki, ga na'urar DVD a ƙarƙashi an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura.

Na taɓa ganin wani maƙwabcina, mutum mai haƙuri, ya kai bidiyon sunan jikansa wani shago aka zuba masa a faifai, ya biya, ya yi tafiyar wuni guda a mota ya kai wa yayarsa. Da aka tara mata da yara bayan sallar isha'i, aka tayar da janareta, aka saka faifan, sai na'urar ta yi ta juyi tana gurnani, daga bisani ta rubuta da Turanci cewa ba ta gane abin da aka ba ta ba. Ya dawo yana zargin faifan da lalacewa, alhali kuwa lafiyarsa lau, domin da muka saka shi a kwamfuta sai ga bidiyo garau. Yaron shagon kwafa kawai ya yi, bai tsara ba, kuma duk wanda bai fahimci bambancin waɗannan ayyuka biyu ba, ko wace manhaja aka ba shi asarar faifai zai yi.

Faifan ajiya da faifan kallo

Kwamfuta tana karanta fayil iri-iri, in kuma ta gamu da wanda ba ta sani ba, sai a ƙara mata manhaja ta koya. Na'urar DVD kuwa tamkar almajiri ce da ya haddace littafi guda tak: abin da ya zo bisa ƙa'idar littafin nan ta biya shi babu gargada, abin da ya saɓa kuwa ta yi shiru. An kafa wannan ƙa'ida a shekarar 1995, sa'ad da manyan kamfanoni, Sony da Philips a ɓangare guda, Toshiba da abokanta a ɗaya ɓangaren, suka ajiye jayayya suka yi ittifaƙi a kan tsari ɗaya, na'urorin farko kuma suka fita kasuwa a Japan a ƙarshen 1996. Wayar da ke aljihunka kuwa tana ɗaukar bidiyo ne da tsarin da aka fito da shi bayan haka, ko H.264 na shekarar 2003, ko HEVC na 2013, ta zuba shi cikin fayil mai ƙarewa da MP4 ko MOV, saboda haka ba abin mamaki ba ne in tsohuwar na'ura ta kasa karanta harshen da ba a haife shi ba lokacin da aka ƙera ta.

Sharuɗɗan da faifai zai cika kafin ya amsa sunan faifan kallo ba su da yawa, amma kowannensu rukuni ne, in ya faɗi aikin ya ɓaci. Wajibi ne hoton ya kasance cikin tsarin MPEG-2, da girman da aka ƙayyade, sautin kuma cikin ɗaya daga tsare-tsaren da aka yarda da su, wanda ya fi yaɗuwa shi ne AC-3. Wajibi ne kuma a sami folda mai suna VIDEO_TS, da manyan baƙaƙe, a cikinta akwai fayil iri uku. Masu ƙarewa da VOB su ne jikin littafin, watau hoto da sauti, an yanyanka su yadda babu wanda ya wuce gigabayit 1. Masu ƙarewa da IFO su ne fihirisa, su ke gaya wa na'ura inda kowane babi ya fara da abin da za ta yi in an danna maɓallin rimot. Masu ƙarewa da BUP kuwa kwafin fihirisar ne, an ajiye domin in ƙarzuwa ta sami ta asali a koma gare shi, wanda hikima ce da magabata masu kwafar littattafai da hannu za su yaba. Gaskiya ne wasu na'urorin baya-bayan nan, musamman masu ramin saka filas, suna karanta wasu fayilolin kwamfuta kai tsaye, amma wannan rangwame ne daga maƙeri, ba ya cikin ƙa'ida, kuma wanda zai aika faifai gidan da bai ga na'urarsu ba bai kamata ya gina aikinsa a kan rangwame ba.

Daga nan za ka gane cewa aikin hawa uku ne. Da fari a juya bidiyon daga harshen waya zuwa MPEG-2, sa'an nan a tsara shi babi-babi a yi masa fihirisa, daga ƙarshe a rubuta shi a faifai, abin da ake kira ƙonawa. Sunan ya dace, domin faifan da ba a rubuta kome a kansa ba yana da wani shafe na rini a tsakiyarsa, hasken lesa ja kuma shi ke bi yana toya wurare ƙanana ƙwarai a cikin rinin, waɗanda na'ura ke karantawa daga baya. Wata manhaja tana yin hawa ukun duka, wata ɗaya kawai take yi, kuma yawancin ruɗanin masu koyo daga nan yake fitowa, domin dukansu suna ɗauke da kalmar DVD a jikin sunansu ko a tallarsu.

Akwai tambayoyi biyu da kowace manhajar kirki za ta yi maka, gara ka san amsarsu tun yanzu. Ta farko: PAL ko NTSC? Nijeriya da Gana da Ingila suna kan tsarin PAL, mai ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, da hoto 25 a kowace daƙiƙa. Amurka da Japan kuwa suna kan NTSC, mai 720 da 480, da hoto kusan 30. Nijar da sauran ƙasashen da suka bi Faransa sun yi amfani da SECAM wajen watsa shirye-shirye, amma faifansu iri ɗaya ne da na PAL, saboda haka mai aikawa Maraɗi ko Damagaram PAL zai zaɓa. Sai fa in ɗan'uwan yana Amurka, to lalle a zaɓi NTSC, domin na'urorinmu galibi suna karanta tsarin biyu, nasu kuwa da yawa ba sa karɓar namu. Tambaya ta biyu ita ce siffar allon, ko 4:3 irin na tsohon akwati mai ƙaton ƙeya, ko 16:9 irin na faffaɗan zamani. Bidiyon waya da aka ɗauka a kwance 16:9 ne, in ka zaɓi ɗayan bisa kuskure za ka ga mutane sun miƙe sun rame kamar an ja su.

Sai batun mudu. Faifai mai shafe ɗaya an rubuta masa gigabayit 4.7, amma kwamfuta za ta nuna maka 4.38, kuma ba ha'inci ba ne, bambancin ƙidaya ne, domin maƙera suna ƙirgawa da dubu-dubu, kwamfuta kuwa da 1024. A wannan mudu awa guda tana shiga da mafi kyawun hoton da ƙa'ida ta yarda, awa biyu tana shiga da hoto mai gamsarwa, abin da ya haura haka kuwa manhaja za ta matse shi har ya shiga, amma da zarar makaɗa sun fara aka shiga rawa, ko dawaki suka zabura a hawan sallah, sai ka ga hoton ya farfashe ya zama murabba'i-murabba'i, domin motsi shi ke cin wuri. Akwai mai shafe biyu na gigabayit 8.5, sai dai ya fi tsada, tsofaffin na'urori kuma sukan yi tuntuɓe a mahaɗar shafen. Ni a ganina raba biki faifai biyu ya fi. Ka kuma sani tun da wuri cewa hoton waya mai 1920 da 1080 ya ninka na DVD sau biyar cif wajen yawan ɗigo, saboda haka abin da zai fito a faifai ba zai kai asali kyau ba, kome gwanintar manhaja.

Wace manhaja?

A da ba a bukatar nema. Windows Vista da Windows 7 suna zuwa da Windows DVD Maker, amma Microsoft ta cire ta daga Windows 8 a shekarar 2012, ba ta kuma dawo da ita ba. Apple ma ta fito da iDVD a 2001, ta daina saka ta cikin sababbin kwamfutocinta a 2011. Abin da ya rage a Windows na yanzu shi ne kwafar fayil zuwa faifai, watau ainihin abin da ya jefa maƙwabcina cikin wahala, da kuma ƙona fayil ɗin ISO, wanda za mu zo kansa.

Wadda nake fara nuna wa mai koyo ita ce DVDStyler, saboda dalilai uku: kyauta ce ta haƙiƙa, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tana yin hawa ukun nan duka, har da shafin zaɓi wanda za ka ɗora wa hoton da ka ga dama. DVD Flick ta fi ta sauƙin sarrafawa, mutum ya zuba bidiyo ya danna maɓalli ɗaya, amma fitarta ta ƙarshe tun 2009 ce, saboda haka ba ta san HEVC ba, sai an fara juya mata bidiyon. Masu Linux suna da DeVeDe wajen tsarawa, da Brasero ko K3b wajen ƙonawa. ImgBurn kuwa, wadda ta tsaya a fitar 2013, gwana ce wajen ƙonawa da tantance abin da aka ƙona, amma ba ta juya bidiyo, ba ta yin fihirisa. In ka ba ta MP4 za ta rubuta maka shi yadda yake, ka sami faifan ajiya. Haka HandBrake, wadda mutane da yawa suke ɗauka tana yin faifai saboda tana karanta shi: aikinta mayar da bidiyo MP4 ko MKV ne, watau ta fuskanci inda muka baro, sai dai tana da amfani wajen gyara bidiyon wayar da wata manhaja ta ƙi karɓa. Cikin na kuɗi akwai Nero ta Jamus, da Toast ta masu Mac. Sunan asalin ta farkon, Nero Burning ROM, wadda ta fito a 1997, wasa ne da harshe, domin Rom shi ne sunan birnin Rum da Jamusanci, Nero kuwa shi ne sarkin da gobara ta cinye birnin a zamaninsa, a shekara ta 64 Miladiyya.

Wurin da ake tsoron zamewa shi ne wurin saukewa. In ka rubuta bukatarka a Google, sakamakon da ke sama sau da yawa talla ne, ga kuma shafuffuka masu jera manhajoji goma da suka ce sun fi kowanne, in ka duba da kyau sai ka ga ta ɗayan ta masu shafin ce. Da yawa suna cewa kyauta, sai ka ɓata awa biyu kana jira, faifai ya fito da tambarin kamfani a tsakiyar fuskar amarya, ko a yanke bidiyon bayan 'yan mintoci a ce ka biya. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san daga bakin wa ta fito, kuma wannan ɗabi'a ce mai amfani a nan: ka nemi shafin masu manhajar su da kansu, ka sauke daga can, ka guji wanda aka ce an fasa makullinsa, domin irinsa ne ke shigo da ƙwayar cuta cikin kwamfuta. Lokacin girkawa kuma ka karanta kowane shafi kafin ka danna amincewa, saboda ko manhajar kirki wani lokaci akan liƙa mata wata da ba ka nema ba, sai ka cire alamar da ke gabanta.

Aikin kansa

Bari mu ɗauka DVDStyler ce a gabanka. Za ta fara tambayarka sunan faifai, da girmansa, da PAL ko NTSC, da siffar allo, ka riga ka san amsoshin. Sai ka jawo bidiyoyinka ka jera su bisa tartibin da abin ya faru, ka sa alamar babi ko dai kowane minti goma, ko kuma, wanda ya fi, a wuraren da ke da ma'ana: isowar baƙi, karatun yaro, addu'ar malam, rabon abinci. Shafin zaɓi kada ka cika masa ado. Rubutu babba da maɓalli biyu ko uku sun isa, in kuwa faifan na tsohuwa ce wadda rimot ɗinta ya ɓata tuntuni, to ka bar shafin zaɓin gaba ɗaya, ka sa bidiyo ya fara da kansa da zarar an rufe na'ura. Bidiyon da aka ɗauka da waya a tsaye babu dabarar da za ta cika allo da shi ba tare da an datse kawuna ba, sai a haƙura da baƙi a dama da hagu, a kuma tuna a kwantar da wayar a biki na gaba.

Kada ka ƙona kai tsaye. Ka umarci manhajar ta yi maka fayil ɗin ISO, wanda shi ne surar faifan ɗungurungum a cikin kwamfuta, ka buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC, ka gwada maɓallan, ka tsallaka tsakiya da ƙarshe ka duba ko magana tana tafiya daidai da motsin baki, domin bidiyon waya ba ya riƙe adadin hoto ɗaya a kowace daƙiƙa, wannan kuwa yakan sa sauti ya riga hoto ko ya makara. In ka ga haka, ka bi da asalin ta HandBrake ka tsayar da adadin a 25, ka sake tsarawa. Juyawar takan ɗauki lokaci, a tsohuwar kwamfuta har ta kan kai tsawon bidiyon ko fiye, saboda haka a fara ta sa'ad da batir ya cika ko wuta ta zauna.

A kasuwa za ka ga DVD-R da DVD+R. Na farkon ya riga fitowa, tun 1997, na biyun sai 2002, shi ya sa tsofaffin na'urori suka fi sabawa da mai alamar ragewa, kuma shi nake zaɓa in ban san na'urar da za ta karɓa ba. Masu RW ana gogewa a sake rubutawa, sun dace da gwaji. In kwamfutarka ba ta da wurin saka faifai, kamar yawancin na yanzu, ana sayar da na waje mai haɗawa ta USB, amma ka tabbata mai rubutawa ne, domin akwai mai karantawa kaɗai. Ko da an rubuta 16x a jikin faifan, ka ƙona a 4x ko 8x. A 4x cikakken faifai kimanin minti 15 yake ɗauka, kuma abin da aka rubuta a natse ya fi sauƙin karantuwa ga na'urar da idonta ya tsufa. In aka ɗauke wuta ana cikin ƙonawa faifan ya tafi ke nan, ba ya gyaruwa, sai in mai RW ne. Kada kuma ka cika shi maƙil, domin rubutun daga tsakiya yake farawa ya nufi baki, bakin kuwa shi ya fi shan yatsu da ƙarzuwa. Da an gama, ka bari manhajar ta karanta faifan ta gwada shi da asali, abin da masu kwafar littattafai ke kira muƙabala, sa'an nan ka kai shi na'urar da ta fi kowace tsufa a unguwa.

A nan ya kamata a ja kunne kan wani abu da ya shafe mu musamman. Finafinan Hausa na bidiyo sun fara ne a kaset, tun daga Turmin Danya na 1990, suka koma faifan VCD kafin DVD ya yaɗu, saboda haka har yanzu akwai gidajen da na'urarsu ta VCD ce zalla, ko da yake kowa DVD yake ce mata. Irin wannan ba ta karanta faifan DVD ko an tsara shi daidai. Sai a yi mata VCD a faifan CD mai megabayit 700, wanda ke ɗaukar kimanin minti 80 da hoto mai ɗigo 352 da 288. Kafin ka fara aiki, ka sa a duba maka tambarin da ke goshin na'urar.

Wanda ke da tsofaffin kaset na VHS, na bikin iyaye ko na wani malami da ya riga mu gidan gaskiya, hanyarsa ɗaya ce da wannan, illa dai sai ya fara shigar da su kwamfuta ta wata 'yar na'ura mai karɓar wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja, kuma kaset na awa biyu awa biyu zai ɗauka, babu gaggawa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kaset, ya daina a 2016, saboda haka masu aiki sai raguwa suke yi.

Faifan da aka ƙona a gida rininsa ba ya jure rana da zafi, kada a bar shi a mota ko bakin taga. A rubuta suna da kwanan wata a bayansa da alƙalami mai taushin baki, kada a liƙa takarda, in ya yi datti a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Asalin bidiyon kuwa da fayil ɗin ISO a ajiye su wuri biyu, domin daga ISO ana fitar da kwafi goma ba tare da an sake tsarawa ba. Wani amfanin iya wannan aiki da kanka shi ne bidiyon cikin gida, na kamu da wunin mata, amana ne, kuma wanda ya miƙa wayarsa a shago bai san kwafi nawa ya rage a kwamfutar shagon ba bayan ya tafi.

Aikin gwaji

Kowane ɗalibi ya zo aji na gaba da gajerun bidiyoyi uku daga wayarsa, waɗanda jimlarsu ba ta wuce minti 15 ba, ɗaya daga ciki a tsaye aka ɗauke shi, da faifan DVD-RW guda. Za mu fara kwafa su yadda suke mu saka a na'urar aji mu ga abin da za ta ce, sa'an nan mu goge faifan, mu tsara su da babi uku, mu ƙona a 4x. Wanda ya gama ya buɗe faifansa a kwamfuta, ya rubuta a littafinsa sunayen fayilolin da ya tarar cikin VIDEO_TS, da girman kowanne, da aikinsa.